Layi Ɗaya daga Takardar Obadiah

Wasiƙar ta iso ranar Laraba da hantsi, kuma tun daga rashin nauyin ambulan Keziah Ormerod ta san takardar kakanta ba ta ciki. Duk da haka ta yage bakinsa, ta zazzage shi a kan tebur, ta leƙa ciki da ido ɗaya kamar mai neman allura. Falle ɗaya ne tal, kuma godiya ce a cikinsa tun daga sama har ƙasa. Dakta Ashdown na Landan yana godiya, kwamitin babban ƙamus yana godiya, har harshen Ingilishi kansa wai yana godiya ga Malama Ormerod ta garin Marlden. Maganar dawo da abin da aka ba shi aro kuwa, ko harafi ɗaya babu. Sau uku ke nan tana rubuta masa a kan takardar nan, sau uku yana aiko mata da godiya.

Yayanta Jabez yana zaune a kujerarsa ta gaban murhu, ya karkato kunne wajen tebur. Shekarunsa saba'in da uku, yanar ido ta rufe masa gani, amma ƙarar masaƙa ta shekara hamsin ba ta iya kashe masa kunne ba.

"Ta dawo?" ya ce.

"Tana hanya, Yaya."

"Tun Fabrairu take hanya. Da ƙafa take tahowa?"

Ta ninke wasiƙar gida huɗu, ta danne ta da tukunyar shayi, ranta yana tafasa. Shida ga wata yau, saura kwana goma sha biyu.

Sha takwas ga Mayu ita ce ranar takardar a gidan nan. Kowace shekara Jabez yakan jawo akwatin ƙarƙashin gado, ya ciro ta daga ƙyallen da aka naɗe ta ciki, a karanta gabanta, a karanta bayanta, a mayar. Haka ubansu Amos ya yi har ya koma ga Allah, Jabez ya gada. Da idonsa ya tafi sai ya zama shi ke riƙewa Keziah ke karantawa, ko da yake su biyun sun haddace ta kamar addu'ar cin abinci.

Gaban takardar bugun inji ne: kira ga masaƙan Marlden su tsayar da aiki su fito ranar Litinin, sha takwas ga Mayu, 1812, domin an sake rage musu lada. Babu sunan kowa a jiki, don a wancan zamani wanda ya sa sunansa a irin wannan takarda ya miƙa wuyansa ga igiya. Rashin sunan bai hana a kama kakansu Obadiah ba. Alƙali Cradock ya yanke masa shekara goma sha huɗu a Ostareliya, kuma daga can bai dawo ba. Kafin a ɗora shi a jirgin ruwa ya yi wa matarsa rubutu a bayan takardar, wani gandiroba mai tausayi ya kai mata:

"Tabitha, ni na rubuta abin da ke gaban takardar nan, kuma ban yi nadama ba. Sun tambaye ni su wa da wa, ban faɗi sunan kowa ba. Kada ki sayar da agogo. Ki gaya wa Amos babansa ba ɓarawo ba ne. Obadiah Ormerod."

Abin da mutumin ya bari ke nan a duniya. Ba hoto, ba kabarin da za a ziyarta, agogon ma yunwa ta sa an sayar da shi tun a shekarar.

To, yadda takardar ta bar akwati ta tafi Landan, laifin Keziah ne, kuma ta sani. Shekara goma sha tara tana yi wa babban ƙamus karatu, kyauta, kamar ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasar. Ita da ta fara shiga masaƙa tana 'yar shekara tara, ta koyi karatu a makarantar Lahadi, ta yi ta fafutika har ta zama malamar makaranta, ba ƙaramin abu ba ne a wurinta a ce masana na Landan suna jiran saƙonta. Aikin shi ne ka karanta tsohon littafi, in ka ga kalma ta yi wani amfani mai kyau ka kwafe jimlar a kan ɗan kati: kalmar a sama ta hagu, sai shekara, sai sunan marubuci, sai littafi da shafi. Gefe ɗaya kawai ake rubutu. A shekararta ta farko ta yi tsimin takarda ta rubuta gaba da baya, aka dawo mata da kati ɗari biyu tare da gargaɗi cewa a ofishin ƙamus ba mai juya kati. Idan kuma littafi tsoho ne wanda ba mai nema, ba a ma wahalar kwafa, almakashi ake sa masa a yanko jimlar a manna. Ita kanta ta yanka littattafai sun fi talatin haka, har da wani littafin wa'azi da maƙwabciyarta, matar marigayi Nuttall, ta ba ta.

A watan Janairu Dakta Ashdown, wanda harafin T yake hannunsa, ya aiko mata da gwajin bugu na wasu shafuka, ya ce ta duba ko tana da shaidar da ta girmi tasu. Kalmomi biyu ne ƙanana waɗanda kowane yaro a Marlden yake taunawa tun kafin ya gama haƙori: turn out. Mai gida ya watso wa ɗan haya kayansa a titi, su ne. Manomi ya saki shanu kiwo bayan sanyi ya wuce, su ne. Mace ta kife gwangwanin burodi a kan tebur, ɗan sanda ya sa mutum ya zazzage aljihu, jama'a su fito rakiyar gawa, masaƙa ta fitar da yadi dubu a mako, yaro ya girma ya zama mutumin kirki ko ya lalace, duk su ɗin ne dai. Dakta ya jera ma'anonin ya ba kowace lamba, ƙarƙashin kowace kuma akwai jerin shaidu daga littattafai, mafi tsufa a sama. Ma'ana ta tara ita ce ma'aikata su ajiye aiki gaba ɗaya su fice.

Keziah ta sa yatsa a kan ta tara, ta karanta shaidar farko, sai da ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa. Shekarar 1826, daga littafin da Alƙali Cradock ya rubuta na tarihin rayuwarsa, inda yake ba da labarin yadda tarkacen malalata suka bar aiki suka fito titi suna ihu. Wato duk wanda zai buɗe ƙamus nan da shekara ɗari zai ga cewa daga bakin Cradock maganar ta fara, alhali ga ta nan ƙarƙashin gadon Jabez, da shekararta a jiki, daga bakin masu ita. A ranar ta kwafe layin a kati ta aika. Amsa ta zo cikin kwana biyu, abin da Dakta bai taɓa yi ba: ƙa'ida ce, duk takardar da babu ita a wani ɗakin karatu sai shugaban harafi ya gan ta da idonsa.

Jabez ya ce a'a, ya maimaita a'a har mako guda. Ya ce mai son gani ya hau jirgin ƙasa ya zo, ai ba gurgu ba ne. Ya ce mutanen kudu in sun ari abu sai dai ka ji labari. Keziah ta bi ta nan ta bi ta can, ta yi fushi, ta yi lallashi, daga ƙarshe ta faɗa masa yadda ake jera shaidu, mafi tsufa a sama.

"Sama da Cradock?" ya ce.

"Sama da shi, Yaya. Obadiah Ormerod, 1812, sannan shi a ƙasa."

Tsohon ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya durƙusa da kyar, ya jawo akwatin da kansa, ya ce mata lallai kafin sha takwas ga Mayu. Ta yi masa alkawari. Ta sa takardar tsakanin kwali biyu, ta rubuta wasiƙa mai shafi biyu, a ƙarshenta ta ja layi ƙarƙashin cewa gadon gida ce, a dawo da ita yadda take.

Yanzu ga wata uku, ga godiya uku. Ranar Juma'a da sassafe ta ɗora masa tukunyar dankali da nama a gefen murhu, ta roƙi matar Nuttall ta leƙa shi, ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci ta nufi tasha ta hau jirgin Landan.

La'asar ta yi kafin ta gano ofishin, wani dogon ɗaki a bayan wata maɗaba'a, yana warin gam da tsohuwar takarda. Bangon duka ramukan katako ne kamar ɗakin tattabaru, kowane rami cike da katuna ɗaure da zare. Mutum biyar ko shida sun duƙufa a kan tebura, ba wanda ya ɗago. A tsakiyar ɗakin akwai murhun ƙarfe, kusa da shi wani ƙaton kwandon shara. Ta faɗi sunanta ga na bakin ƙofa, sai wani ɗan tsamurmurin dattijo mai tawada a gemu ya taso daga can ƙurya yana tuntuɓe da kujeru.

Dakta Ashdown ne. Shekara goma sha tara suna musayar wasiƙa ba su taɓa ganin juna ba. Ya kama hannunta da hannu biyu yana girgizawa, ya washe baki, ya juya ya shaida wa ɗakin cewa ga Malama Ormerod ta Marlden da kanta, mai katuna dubu goma sha ɗaya ba kuskure. Abin haushin shi ne murnarsa ta gaskiya ce. Da mugu ta tarar da ta san yadda za ta yi da shi.

"Shekara goma sha huɗu kika ba mu, Malama, daga 1826 kin mayar da shaidar baya zuwa 1812," ya ce. "Goma sha huɗu cur. Kin san sau nawa irin wannan ke faruwa? Zo ki gani, zo ki gani."

Ta ce ba gani ta zo yi ba, takardarta ta zo karɓa. Kamar da bango take magana. Ya riga ya hau ɗan tsani, ya zaro wani ɗauri daga rami, ya sauko yana kwance zaren da haƙori. Ya lashi yatsa, ya yi ta buɗa katunan da sauri irin na wanda ya saba, yana ambaton shanu da 'yan haya da gwangwanin burodi, har ya iso ta tara. Ya zaro na sama ya ɗora mata a tafin hannu.

Kati ne irin wanda ta cika dubbai. A sama, da kyakkyawan rubutun Dakta, an sa 1812, sannan: takardar shela, ba sunan marubuci. A ƙasa kuma an manna wata 'yar siririyar takarda mai ruwan ƙasa, tsawonta bai wuce yatsarta ta tsakiya ba, an yanke ta tsaf gefe huɗu. Ta san launin nan. Ta san ɗan tabon man da ke kusurwa, wanda Jabez yake cewa yatsan kakarsu ne. Ta karanta layin, inda ake ce wa 'yan'uwa masaƙa kowa ya tsayar da aikinsa ya fito. Ta dafa tebur.

"Ina sauran?" ta ce.

"Sauran me, Malama?"

"Sauran takardar."

Dakta ya dube ta da mamaki, sannan ya shiga yi mata bayani a hankali, kamar ba ita ce ta shekara goma sha tara a aikin ba. Hannu yana kuskure wajen kwafa, almakashi ba ya yi. In an manna asali, mai jera haruffa a maɗaba'a zai ga ainihin abin da idonsa, ba mai gardama. Shi da kansa ya yanka, bai bar wa kowa ba, saboda darajar abin. Sauran kuwa ya duba, babu wata kalma ta harafin T mai amfani a ciki, don haka ya tafi inda saura ke tafiya. Ya nuna kwandon da haɓa. Duk Asabar da shi ake hura murhu.

Ta tambaye shi ko ya karanta wasiƙarta. Ya ce ya karanta mana, wasiƙa mai kyau. Ta tambaye shi ko ya kai ƙarshe, inda ta ja layi. Nan ya ɗan sosa gemu, ya ce gaskiya yana isa inda ta ambaci shekarar sai ya miƙe ya ɗauko almakashi. Wasiƙu ukun da suka biyo baya fa? Ya ɗauka tana so ta ji ko an karɓi shaidar ne, shi ya sa ya yi ta tabbatar mata an karɓa.

"Ka juya ta?"

"Na juya me?"

"Takardar, Dakta. Kafin ka sa mata almakashi, ka juya bayanta?"

Ya yi mata wani kallo kamar ta tambaye shi ko ya ɗanɗana ta da harshe. "Ai ba a rubutu a baya," ya ce. "Ke ma kin sani."

Alƙaluman ɗakin duk suka tsaya. Keziah ba ta ɗaga murya ba, shekara talatin a gaban yara sun koya mata cewa mai ihu ba a jin sa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta karanta masa abin da ke bayan takardar da ka, tun daga Tabitha har Obadiah Ormerod. Ta gaya masa wacece Tabitha, waye Amos, shekararsa nawa lokacin da aka tafi da ubansa. Ta ce masa mutumin da ya rubuta layin da yake wa murna shi ma shekara goma sha huɗu aka ba shi, kuma Cradock na ƙasan katinsa ne ya ba shi su. Takardar nan ta tsira daga gandirobobi, ta tsira daga yunwar da ta cinye agogo da gado, ta tsira daga ambaliya biyu da ƙaura biyar, shekara casa'in da shida a hannun mutanen da rabinsu ba su iya karatu ba. Mako ɗaya ta yi a hannun masani.

Fuskar Dakta ta yi fari fat. Ya nemi kujera ya zauna, ya ce subhana, ya ce bai sani ba, ya ce da ya sani. Har idonsa ya kawo ruwa. Ita kuwa ko kaɗan bai ba ta tausayi ba, hawayen ma ƙara mata haushi suka yi.

Ta ce to, abin da ya ƙone ya ƙone, abu ɗaya ya rage. Ya ɗauki alƙalami ya soke inda ya sa ba sunan marubuci, ya rubuta Obadiah Ormerod. Don wannan aka fito da takardar daga akwati, kuma wannan ta yi wa yayanta alkawari.

Dakta ya ɗauki alƙalamin, har ya tsoma a tawada. Sai ya tsaya, ya ajiye shi a hankali. Ya ce shi a karan kansa ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma ƙamus ba ya ɗaukar an ce. In ya sa suna, gobe wani ya rubuto ya tambayi hujja, me zai nuna? Ba a taɓa sa sunan marubuci ba sai da shaida a rubuce.

"Shaidar tana cikin murhunka," ta ce.

"Na sani, Malama. Shi ya sa ba zan iya ba."

A nan ne ta ji kamar ta kife masa tukunyar gam a ka. Ta duba tukunyar ma, ga ta nan kusa da hannunta, da burushinta a ciki. Kusa da ita kuma almakashinsa ne, mai baƙin mariƙi, irin nata sak, don daga ofishin nan aka aiko mata da nata kyauta shekarar da ta cika kati dubu biyar. Ta ɗauke ido daga kansa.

Ta buɗe jakarta ta sa katin a ciki. Dakta ya zabura ya ce ɗaurin nan ranar Litinin zai shiga maɗaba'a, in babu katin sai dai Cradock ya koma sama. Ta yi tsaye da jakar a hannu. Zuciyarta ta ce ta tafi da abinta, su da ƙamus ɗinsu su ƙarata, kada su sami ko wasali ɗaya daga gidan Ormerod. Amma ta tuna tarkacen malalata a layin farko, har abada. Ta ciro katin ta riƙe shi a gabansa, ba ta sake shi ba.

"Kwafa," ta ce.

"Malama, hannu yana..."

"To ka yi a hankali."

Ya kwafa, tana tsaye a kansa kamar yadda take tsayawa kan yaro mai ƙazamin rubutu. Da ya gama ta karɓa ta duba harafi bayan harafi, ta miƙa masa, ta mayar da nata jaka. Ya ce ko shayi ta tsaya ta sha, ta ce ta ƙoshi. Har ta kai bakin ƙofa sai ga shi ya biyo ta yana murza hannu. Wai ya san ba lokacinsa ba ne, amma katunan harafin U da ta ce tana tarawa, ko za su samu kafin ƙarshen wata?

Ta dube shi tun daga gemu har takalmi. "Koma ka buɗe ɗaurin nan naka, Dakta," ta ce. "Ma'ana ta tara. Ka karanta ta da kyau, ni ma daga yau ina cikinta."

Washegari a jirgin komawa fushin bai sauka ba, sai dai ya sauya wuri. Ta zagi Dakta har suka wuce garuruwa uku, daga nan ta ga ba shi kaɗai ba ne. Ita ta san yadda suke aiki, ita ta san almakashi, kuma a wasiƙarta mai shafi biyu ta yi maganar shekara, ta yi maganar ma'ana ta tara, amma ko sau ɗaya ba ta ce akwai rubutu a baya ba. Bai zo mata a rai ba, don shekara goma sha tara sun koya mata cewa bayan takarda ba ya cikin lissafi. Sai kuma littafin wa'azin matar Nuttall ya faɗo mata. Na mijinta ne. Matar ta taɓa tambayarta a bakin famfo ko ta gama da shi, ita kuwa ta ce mata ya yi amfani ƙwarai, an gode. Matar ba ta sake tambaya ba. Keziah ta ji kunya ta rufe ta, kunyar kuma ta ƙara hura mata wuta, don yanzu ba ta da wanda za ta huce a kansa.

Ta iso gida da yamma, ma'aikata suna tasowa, takalman katako suna ƙara a kan duwatsun titi. Jabez yana kujerarsa. Ya ja akwatin ya ajiye kusa da ƙafarsa, ya shimfiɗa ƙyallen a kan gwiwa yana jira.

"Kin zo da ita?"

"Bari in ɗora ruwa, Yaya."

Ta ɗora buta, ta tsaya a kanta har ta tafasa. Ta riƙe katin a bakin butar, tururi yana ƙona mata yatsu, har gam ɗin ya yi laushi, sannan ta sa bakin wuƙar tebur ta ɗaga 'yar takardar a hankali. Ta juya ta. Gam ya ci tawadar ta wani gefe, amma rubutun yana nan, layi ɗaya da almakashi ya datse wa kai da ƙafa.

Ta ja kujera ta zauna a gabansa ta faɗa masa komai. Ba ta rage ba, ba ta gyara ba, ta haɗa har da nata laifin. Tana jira ya yi faɗa, don Jabez a zamaninsa ya taɓa ɗaga wani shugaban ma'aikata sama ya jefa shi a kwamin rini. Da ya yi faɗan da ta samu sauƙi. Shi kuwa ya miƙo hannu kawai, ta ɗora masa. Ya shafa ta da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, tafiyar ba ta da nisa. Ya sake shafawa.

"Yana sama da Cradock?"

"Yana sama."

"Da sunansa?"

"Babu suna."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ta karanta masa bayan. Ta sa tabarau, ta sunkuya kan tafin hannunsa ta karanta: "faɗi sunan kowa ba. Kada ki." Ta ɗago kai. Shi kuma ya karkato kunne yana jiran ci gaba, kamar yadda yake yi kowace shekara, leɓunansa har sun fara motsi da maganar agogo.

"Shi ke nan, Yaya," ta ce. "Nan ta tsaya."

Tsohon ya sake shafa 'yar takardar. Butar tana ta tafasa a bayansu ba wanda ya sauke. Can ya ce shi shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da takardar nan, makaho ne a goma daga ciki, ko kusurwa bai taɓa yagewa ba. Bai ƙara komai a kai ba.

Keziah ta ɗauki ƙyallen daga gwiwarsa, ta miƙa hannu ta karɓi 'yar takardar ta naɗe masa. Jabez ya dunƙule hannunsa, ya ja shi zuwa ƙirji.

"Bari, Kezi," ya ce. "Ke kin gama riƙewa."